Littattafan da Wuƙa Ba Ta Taɓa Ba

Akwai wani mutum a Parakou mai suna Labaran, a shekarun da ake kiran ƙasar Dahome, Turawa ba su daɗe da sauka daga mulki ba. Shi ke riƙe da ɗakin karatu na gari, wani ɗan gini mai rufin kwano a kan hanyar Titirou.

Ba zan zalunce shi ba, da farko ɗakin nan a cike yake. Malaman lakwal, wato makarantar boko, ma'aikatan jirgin ƙasa, teloli, kowa ya zo ya ara. Littattafai suka sha hannu har suka yi laushi kamar tsumma.

Cikin masu zuwa akwai Baba Badamasi, tsohon soja mai gyaran keke, wanda ya koyi Faransanci a bariki. Da yatsa yake bin layi, kuma yatsan nan ba ya rabuwa da baƙin mai.

Ana nan sai labari ya zo daga Porto-Novo. An sami gurbi ɗaya tak na arewa: za a kai mai riƙe da ɗakin karatu Dakar ya koyo aikin sosai, a kuma tallafa wa ɗakinsa da kujeru da littattafai. Wata babbar ma'aikaciya za ta zagayo ta gani da idonta, ta zaɓa.

Mutum biyu ke nema: Labaran, da Awalu na Djougou, wanda suka yi lakwal tare. Ɗakin karatun Awalu tsohon shagon goron mahaifinsa ne a bakin kasuwa.

Labaran ya dubi kantocinsa, kunya ta kama shi. Wannan tarkacen zai nuna wa baƙuwa? Yana da akwatunan sababbin littattafai da aka aiko daga Faransa. Ya fasa su, ya jera a kabad mai gilashi, ya sa kwaɗo. Tsofaffin kuwa ya ɗure su a buhu, ya ɗora a motar Djougou.

Ya ce wa direba, "Ka ce wa Awalu ga sadaka. Sun fi dacewa da shagon goro."

Washegari Baba Badamasi ya jingine kekensa, ya yi sallama.

"Ɗana, ina littafina na masu jirgin ruwa? Na bar bayin Allah a tsakiyar teku, ban san ko sun fita ba."

Labaran ya tare ƙofa. "Baba, dubi hannunka. Nan ba rumfar faci ba ce. Ka bari sai baƙi sun zo sun tafi."

A gaban mutane ya faɗa. Tsohon ya dubi tafin hannunsa, ya goga a riga, ya ja kekensa ya tafi. Waɗanda suka ji suka gaya wa waɗanda ba su ji ba. Ƙafa ta ɗauke. Labaran ma daɗi ya ji, ba mai shigo masa da ƙasa.

Ku 'yan yanzu ba ku san wani abu ba. Littattafan Faransa na wancan zamani da yawa a naɗe shafukansu ke zuwa, bakinsu a haɗe. Mai karatu na farko shi ke sa wuƙa yana tsagawa yana ci gaba. Labaran ya san haka sarai, amma ya ga in an tsaga bakin zai yi gashi-gashi, kyan ya ɓaci. Ya bar su.

Ranar zuwan Madam, babbar ma'aikaciyar nan, Labaran ya sa farar riga, ɗaki na ƙamshin sabulu. Ta shigo da fara'arta.

Ta kira shi da "Mushe", wato Malam a Faransanci, ta ce, "Mushe Labaran, daga Djougou nake. Na ga littattafai masu hatimin Parakou a hannun 'yan kasuwa, duk sun ragargaje. Abokinka ya ce kai ka taimaka masa da su. Ya ce mutanenka ne suka cinye su haka, in zo in ga ɗakin da ya fi nasa jama'a. Ina suke?"

Labaran ya ce, "Yau... ba su zo ba."

Ta nemi mabuɗi. Ta zaro littafi ɗaya, ta sa yatsa za ta buɗe, ya ƙi. Ta zaro wani, haka. Ta bi layi guda na kabad ɗin tana gwadawa, shi kuwa yana tsaye a bayanta, gumi na bin farar rigar.

"Kana da wuƙa?"

Ya miƙa mata. Ta tsaga shafi ɗaya a hankali. Ɗakin shiru, har ƙarar takardar ta cika masa kunne.

Ta ajiye wuƙar ta ce, "Wanda aikinsa gadi ne ba ya bukatar zuwa Dakar."

Awalu aka ba gurbin.

Da zai tafi, dole ya biyo ta Parakou ya hau jirgin ƙasa zuwa Cotonou. Labaran ya so ya ɓuya, amma Awalu ya same shi har ɗakin, ya zaro wani tsohon littafi mara bango daga jakarsa.

"Ɗan'uwa, na tarar da ganyen goro a tsakiyar wannan. Akwai wanda bai gama ba. Ka mayar masa."

Labaran ya karɓa, ya ga littafin masu jirgin ruwa ne na Baba Badamasi, ya kasa ɗaga ido. Ga mutumin da ya aika wa wulaƙanci, shi kuma ya yabe shi a bayan idonsa.

Da la'asar ya taka har rumfar Baba Badamasi, ya durƙusa a cikin tayoyi, ya miƙa littafin da hannu biyu. Ya haɗa da sabo guda, da wuƙa a kai.

"Baba, ka yafe mini. In ka fitar da su daga teku, ga wannan. Kai za ka fara tsaga shi."

Tsohon ya dube shi. Sannan ya ɗaga hannuwansa.

"Har yanzu da mai."

Labaran ya ce, "Haka nake so, Baba."

Darasi: In an ba ka amanar abin da jama'a za su amfana da shi, ƙyallinsa ba shaidar aikinka ba ce, tsufansa a hannun mutane shi ne shaida. Kada neman ci gaba ya sa ka kori waɗanda dominsu aka ɗauke ka aiki. Ku tura wa duk mai riƙe da mabuɗin wani abu na jama'a, ko ya ji haushi.