Fijon da Ke Ja Dama

An yi wani mutum a Kafin Maiyaki, ba zan kama sunansa ba, wataƙila da danginsa a cikinku. Ya gaji Fijo 504 daga mahaifinsa, tsohuwar mota amma kullum tana sheƙi, don goge ta ya fi damunsa da sallar asuba. Aibinta ɗaya: in ya taka birki sai ta fizga dama, gefen da masu tafiya a ƙasa ke bi.

Ya kai ta wurin Ɗanliti, wani tsohon bakanike a Tudun Wada. Ɗanliti ya ɗaga gabanta, ya sa shi ya taka birki, ya murza tayoyin da hannu. Ta dama ta kafe. Ta hagu kuwa sai juyawa take abinta.

Ya ce, "Alhaji, wani ya taɓa toshe bututun birkin hagu da ƙusa, man birki ba ya isa can. Ta dama ce kaɗai ke kamawa. Bar mini ita zuwa la'asar, kafin ta ɗauki rai."

Mai mota ya ce, "Sauke mini motata. Ni na san halinta."

Ya 'yan uwa, kun zaci rowa ce? Wallahi ba rowa ba ce. Daɗin abin yake ji. In ya hango matan Fulani da ƙwaryar nono a bakin titi, sai ya matso ya danna birki. Mota ta yi kansu, su watse cikin gona, nono ya malale. Ya leƙo yana dariya har da hawaye: "Ku yi haƙuri, mota ce ta ja!" Wata ta karye a hannu a hanyar Dangora, aka kai ƙara gun mai gari, ya maimaita wannan magana, aka sallame shi. Wa zai kama mutum da laifin ƙarfe? Daga nan masu nono suka daina shiga gidansu.

Wata ranar kasuwa bayan la'asar ya hango wata tsohuwa a gaba, ta ba shi baya, da ƙwarya a ka. Ya gyara zama, ya matso ya danna birki. Duk wanda ya taɓa yi wa haka, da jin ƙarar taya yake tsalle. Wannan ko waiwayowa ba ta yi ba, domin shekararta biyu ba ta ji.

Iya Tani ce, mahaifiyarsa. Da ƙafarta ta je ruga ta sayo nonon da za ta dama masa fura, tunda an daina kawowa gida.

A wurin zaman makoki kowa ya zo sai ya dafa shi ya ce, "Haƙuri, ƙaddara ce, ai kowa ya san motar nan tana ja." Kwana uku yana jin ƙaryarsa a bakin mutane, ba halin ya musa. Kafin a yi sadakar arba'in hankalinsa ya gushe. Har yau yana nan a bakin titin, ba takalmi, yana tsayar da masu wucewa yana rantse musu cewa mota ce ta ja. Yara na jifansa.

Jama'a, wanda ya san aibi ya ƙi gyarawa don ya sami abin fakewa, mutane zai yaudara, ba Wanda ya ga ƙafarsa a kan birki ba. Kowa ya duba abin da yake ɗora wa laifinsa, ya gyara tun yau.

Allah ya kiyaye mu da muguntar da muke yi wa dariya. Amin.