Makaɗan Ƙofar Rugoji

An ruwaito a cikin wasu tsofaffin takardu na mutanen da, cewa a zamanin Sarki Jatau na birnin Rugoji kowace sana'a da kiɗanta. Mahauta na da kalangu, maƙera na da dundufa, kuma ba a gauraya su, domin duk wanda ya ji taken gidansu dole ya tashi ya amsa.

An ce a shekara ta biyu ta babbar yunwa wasu baƙi uku suka shigo birnin: Cindo mai kalangu, Barau mai dundufa, da wata mawaƙiya, Tabawa. Sun daɗe suna kiɗa tare a hanya, har sun daina jin inda na wannan ya ƙare na wancan ya fara. Ran kasuwa suka zauna suka kama kiɗa. Mahauta suka ji takensu suka miƙe da wuƙaƙe, maƙera suka ji nasu suka miƙe da guduma, kowa na cewa shi ake kira fili. Kafin dogarai su iso, an sare wa wani maƙeri yatsu biyu.

Aka gurfanar da su a fada. Waziri ya ce, "Allah ya ba ka nasara, a farke gangunan nan, a fitar da kowannensu ta ƙofa daban."

Sarki ya dube su ya ce, "Tambayata ɗaya ce. Kiɗan nan na wane gida ne? In na mahauta ne, Cindo ya zauna, biyun su fita. In na maƙera ne, Barau ya zauna. In kun kasa amsawa, maganar Waziri ta tabbata. Amma kowa ya fara gaya mini inda ya samo nasa."

Cindo ya faɗi ya yi gaisuwa, ya ce, "Zaki, ni gado na yi. Ubana shekara talatin yana kaɗa wa mahautan garinmu. Da aka yi fari, shanu suka ƙare, mahauta suka watse. Shi kuwa ya ci gaba da zuwa mayanka kullum da safe yana kiɗa, ba kowa sai ungulu. A nan na tarar da shi ya cika, kalangun na hammatarsa."

Barau ya ce, "Ranka ya daɗe, ni ban gada ba. Zuga na yi wa wani maƙeri tun ina ƙarami, a bakin uwar maƙera, ƙarfen da ake ƙira a kansa, na koyi bugu. Da mutane suka bar noma, ba mai sayen fartanya, wuta ta mutu. Makaɗin maƙeran ya ba ni dundufarsa a kan ƙoƙon gero ɗaya. Bai kai kaka ba ya rasu."

Tabawa ta ce, "Ni niƙa nake yi wa fatake a zango. Abin da uwata ke rerawa a kan dutsen niƙa, da abin da na tsinta a bakin madugai daga Azbin da Gwanja, shi ne waƙata. 'Ya'yana huɗu na binne tsakanin zangon nan da nan. Na tarar da waɗannan biyu a gindin kuka suna gardama a kan wanda ya fi wani ɓata kiɗa."

"Shi ne dai," in ji Cindo, yana nuna Barau.

"Kai da kalangunka ke kuka kamar akuyar da aka ɗaure," in ji Barau. Waziri ya daka musu tsawa, suka yi shiru.

Tabawa ta ce, "Allah ya ja zamaninka, a kira Sarkin Pawa da Sarkin Maƙera mu kaɗa a gabansu. Wanda ya yarda a kaɗa masa wannan ranar bikin ɗansa, nasa ne."

Aka kira su, aka kaɗa. Sarkin Pawa ya saurara ya ce, "Farkon namu ne, amma ya yi nauyi. Wannan ai kiɗan wanda ba shi da abin yanka ne." Sarkin Maƙera ya ce, "Bugun namu ne, amma babu wuta a ciki. Kada a kawo mini shi gida."

Tabawa ta sunkuyar da kai ta ce, "Ka ji amsa, Zaki. Na gidan waɗanda gidansu ya mutu ne. Suna nan zube a bakin ƙofarka ta gabas, ba su da take."

Daga nan Sarki ya hana a taɓa gangunan, ya ba su rumfa a ƙofar gabas da mudun dawa kullum, bisa sharaɗin kada kiɗansu ya ƙara shiga cikin ganuwa.

An ce a nan suka zauna su uku, ba a raba su ba. Yunwa ta ƙara shekara huɗu. Kowace safiya sababbin baƙi na isowa da tabarmi a ka, su ji kiɗan tun daga nesa su tsaya, ko da yake ba wanda ya taɓa gaya musu nasu ne. Barau yakan ce addu'arsa ɗaya, ya wayi gari ya ga ba kowa a gaban rumfar. Ya rasu bai ga ranar ba.

Masu ba da labarin sun ce darasinsa shi ne, magana mai hikima na iya ceton mutum a gaban sarki, amma ba ta mayar masa da abin da ya binne a hanya. Allah ne mafi sani.