Wainar Da Larai Ta Soya Wa Walida

Akwai wata baiwar Allah mai suna Larai, 'yar Gumel, da ke digiri na uku a Kuala Lumpur. Mace ce mai fara'a, amma idan ka ɓata mata, sai ta ninke abin ta adana kamar zanen sallah.

Bara ɗaliban unguwarsu, Setapak, suka shiga jirgin ruwa zuwa wani tsibiri. Larai ta cika cikinta da shinkafa da mai kafin a tashi, teku kuwa ya juya mata hanji, ta yi ta amai a leda. Wata 'yar gayu, Walida, ta ɗauke ta a waya ta watsa a zauren ɗalibai. Tun daga ranar sunanta ya koma Larai Leda.

Walida ta manta. Larai kuwa ko da na minti ɗaya ba ta manta ba.

Bana mahaifiyarta, Iya, ta zo bikin kammala karatunta. Da ta ji ana cewa a tekun Langkawi akan dace da ƙaton kifin nan whale, sai ta dafe ƙirji.

"Irin wanda ya haɗiye Annabi Yunusa? Larai, ki kai ni in ga ikon Allah da idona kafin in koma gida."

Nan take Larai ta karɓi shirin tafiyar. Ta nemo mai jirgi, wanda ya gaya mata gaskiya cewa ba kullum kifin ke fitowa ba. Ta tara mata takwas, kuma da hannunta ta rubuta sunan Walida.

Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya tana raɗa musu cewa ranar su tsaya a shayi da burodi, su kuma zauna a tsakiyar jirgi. Walida kuwa, sai ta kira ta da murya kamar zuma.

"Ƙawata, teku ba ya son cikin da babu komai. Ni zan soya miki waina ta musamman. Kuma kujerar gaba taki ce, hoto ya fi kyau a can."

"Boleh lah, Anti Leda!" in ji Walida da yaren ƙasar, wato ta yarda, tana dariya.

Larai ma ta yi dariya. Ta san gaban jirgi ne ya fi tsalle, ta kuma share hotunan wayarta don bidiyo ya samu wuri.

Da safen tafiya ta soya wainar tana ninƙaya a mai, ta zuba miyar taushe mai kauri, ta miƙa wa Walida a bakin ruwa. Sannan ta wuce karɓo rigunan kariya wajen mai jirgi.

To, Walida da duk rashin kunyarta, a gidan Hausawa ta tashi. Ta waiga ta ga tsohuwa riƙe da kofin shayi tana mita, wai ita tunda take ba ta taɓa ganin an kama hanya da ruwan bunu a ciki ba.

"Haba Iya, ina ci kina kallo? Bismillah."

Larai ta dawo ta tarar Iya na suɗe yatsu. Kusan duk wainar a cikin tsohuwa ta ƙare. Da aka shiga jirgi kuma, Walida ta miƙe ta ba Iya kujerar gaba don ta fi kowa gani.

"Iya, ki dawo tsakiya," in ji Larai.

"Saboda me? Yarinyar kirki ta girmama ni, ke kina baƙin ciki?"

Magana ɗaya ce za ta ceci Iya a nan, amma faɗinta tonon asirin kai ne. Larai ta haɗiye ta. Wallahi nan ne ta fi ba ni haushi. Ta ma ɗaga waya ta saita Walida, ko Allah zai sa duk da haka ta yi amai.

Ba a yi nisa ba Iya ta fara amai. Tsohuwa ta galabaita har ta kwanta a ƙasan jirgi, kanta a cinyar Walida, Larai na riƙe da leda tana kuka.

A daidai lokacin mai jirgi ya ƙwala ihu. Kifin ya taso, ya fesa ruwa sama, mata suka ɗauki kabbara. Kafin a ɗago kan Iya ya nutse, bai kuma sake fitowa ba.

Kwana uku bayan nan, suna ɗaure kaya a Setapak, Iya ta ce, "Nuna min kifin a wayarki, tunda ranar tun safe take hannunki."

Larai ta buɗe. Babu komai sai Walida zaune garau tana gyara mayafi, da sautin kakarin Iya a gefe.

Iya ta daɗe tana kallo, sannan ta miƙa mata wayar.

"Allah ya yi wa yarinyar nan albarka, ta riƙe ni kamar uwarta. Kifin kuwa, Allah bai nufa ba."

Larai ta karɓi wayar ta kife ta a kan kaya. Ita kaɗai ta san wanda ya soya wainar, da wanda aka soya wa.

Darasi: Walida ta yi laifi, babu musu. Amma ramuwar da ka ƙulla a ɓoye ba ta tambayar wa za ta faɗa wa, kuma sau da yawa naka ne ya fi kusa. Wanda ya ɓata maka, ka same shi ka faɗa masa, ko ka bar shi da Allah. Ku tura wa duk wanda kuka san yana riƙe da wani a zuci.