Buzuzu da Takin Iya Bushiya

Dalilin da ya sa Buzuzu ke tura kashi da baya, kai a ƙasa, ƙafafu a sama, duk unguwar nan ni kaɗai na san shi. Ku matso, yara, wanda ya toshe hanci ba zan maimaita masa ba.

A da, Buzuzu ɗan gayu ne. Farar riga yake sawa, ko ƙura ba ta hawa kansa. Yana da ɗan lambu a bayan gida, danga ce kawai ta raba shi da na maƙwabciyarsa, Iya Bushiya. Sai dai lambun Iya kore shar, kuɓewa kamar yatsun basamude, alayyafo har yana leƙowa ta saman danga. Nasa kuwa 'yan tsirarun yakuwa ne, kullum a sunkuye kamar masu zaman makoki.

Abin da ya fi ci masa rai shi ne matarsa, Tasalla. Kullum za ta ɗora tukunya sai ta leƙa danga.

"Iya, a sammin kuɓewa, tamu ba ta farka ba tukuna."

Ran nan ya kai loma, ya ji miya ta yi daɗi, ya ce, "Kin gani? Hannuna ke nan."

Tasalla ta ce, "Maigida, wane hannun? Ta Iya ce."

Tuwon nan bai wuce masa ba.

Sai ya shiga leƙe. Ya ga Iya tana kai wa Baba Kili, dokin unguwar, damin harawa, ta kwaso kashinsa a kwando. Iya ta hango idonsa ta kafar danga, ta ce, "Ɗan nan, shigo mana in nuna maka yadda ake yi da shi."

"Ni? In koyi noma wurin mai barcin rana? Riƙe abinki."

A ransa kuwa cewa ya yi, ashe sirrin ke nan! To, daga yau ko ɗigo ba za ta ƙara samu ba.

Da rana ta take, Iya ta dunƙule tana barcinta, sai ya lallaɓa turken Baba Kili. Ya tarar da sabon kashi yana tururi. Ba shi da kwando, kuma ba ya so a ga fuskarsa. Sai ya mulmula shi, ya kifa kai ƙasa, ya dinga turawa da ƙafafun baya, idonsa na kan ƙofar Iya ko za ta fito.

Baba Kili ya ce, "Kai, wane ne wannan mai tafiya a juye? Ina harawata?"

Buzuzu ya maƙe murya, ya ce, "Baƙo ne!"

Haka ya yi ta jigila har ya share turken tas. Ya jibga kashin a gindin kowace shuka, da zafinsa. Farar rigar nan ta koma baƙa ƙirin, bai damu ba. Ya ce wa Tasalla, "Jibi Iya ce za ta zo roƙo."

Jibi ta yi, yakuwa ta yi yaushi, ganye ya ƙone kamar an watsa masa tafasasshen ruwa. Ko ɗaya bai tsira ba.

Iya ta leƙo, ta riƙe baki. "Wayyo, ɗan nan! Ɗanye ka zuba? Ai rami ake yi masa, a rufe, a bar shi ya ruɓe ya huce, sai ya koma ƙamshin ƙasa. Abin da na so in nuna maka ke nan."

Tasalla ta ce, "To Iya, yau har yakuwar ma sai kin sammana."

Buzuzu ya dubi ramin takin Iya, ya ga nata na bara ma bai ƙare ba. Ya yi rantsuwa ba zai sake shuka ko ƙwaya ɗaya ba sai raminsa ya fi nata.

Ya haƙa rami, ya binne dunƙule guda. Kafin kashin ya huce, sai ya hango wani sabo, ya ce kada Iya ta riga shi. Ya binne wannan, ya manta inda ya sa na farko.

Shi ya sa har yau za ku gan shi baƙi wuluk, yana tura kashi da baya, yana waigen ƙofar Iya Bushiya, yana binnewa yana mantawa. Duk inda ya binne, ciyawa ta yi kyau, wasu su ci. Shi kuwa bai koma lambu ba, kuma Tasalla tana nan a bakin danga da ƙoƙonta.