Tanko da gaisuwar da ba ta ƙarewa

Kuna tambaya dalilin da ya sa farantin talabijin da ke kan rufinmu yake kallon wuri ɗaya a sama, ba ya waiwaye? Ku matso ku ji.

A da can, wata injiniya mai suna Uwani ta ƙera tauraron ɗan'adam. 'Ya'yanta duk mata ne, sai ta sa masa suna Tanko. Roka ta kai shi sama kusa-kusa, inda yake zagaye duniya cikin awa ɗaya da rabi.

To, Tanko yaro ne mai ladabi. Duk sanda ya biyo ta kan garinsu sai ya fara gaisuwa ta rediyo: "Inna, ina kwana? Ina gajiya? Yaya mutanen..." Kafin ya kai ga yayyensa ya wuce, muryarsa ta ɓace. Uwani ta tsaya da amsa a baki. Kewa ta dame su duka biyun.

Ya ce, "Inna, bari in sauko kusa, ko na daɗe a kanku."

Ta ce, "Kul. Wanda ya matso kusa da duniya gudu yake ƙarawa. In kana son tsayawa a kanmu, nesa za ka tafi, inda zagayenka zai ɗauki kwana guda cur, daidai da juyawar duniya. Amma man injinka na zuwa ne kawai, babu na dawowa."

Tanko ya yi zagaye uku yana tunani. A na huɗu ya ce, "Na yarda."

Ya kunna wutar injinsa, hanyarsa ta miƙe ta yi siffar ƙwai. Ya yi ta hawa. Da ya kai can ƙarshe ya sake kunnawa, hanyar ta zama da'ira, man ya kusa ƙarewa. Ya duba ƙasa, ga garinsu bai gusa ba.

Ranar ya yi gaisuwa har ta ishe shi. Ya tambayi yayyensa ɗaya bayan ɗaya, har akuya sai da ya tambaya. Sannan ya sake duba ƙasa.

"Inna, ba na ganin gidanmu. Kina ganina?"

"Ba na ganinka, Tanko. Amma na san inda kake."

Ta hau rufi da kanta, ta juya faranti wajensa, ta ɗaure noti tamau.

Shi ya sa har gobe farantin nan ba ya motsi. Uwani ta daɗe da rasuwa, yara. Babu wanda ya iya gaya masa, kuma kullum da safe yana gaishe ta.