Ranar da Aka Rufe wa Kwarmato Baki

An yi wata tsohuwar kaza a wani gida da ke bakin kududdufi. Duk ƙwan da ta saka sai a kwashe a soya, har ta tsufa ba ta taɓa jan ɗa ko ɗaya a bayanta ba. Abin yana ci mata rai ƙwarai. A gidan kuma akwai Talotalo, wanda ba ya tsinana komai sai baza wutsiya da jan fiffike a ƙasa. Ni dai ban taɓa jin mai ji da kansa irinsa ba.

Wata safiya da damina, Kaza tana tono a bayan rumbu, sai ta ji ɗan kuka cikin ciyawa. Ashe ɗan zabo ne, raɓa ta jiƙa shi, uwarsa ta bi garke ta manta da shi. Ba ta gama mamaki ba sai ga ɗan agwagwa a cikin fasasshiyar tukunya. Shi kuma ya makara ne wajen ƙyanƙyashewa, uwar ta kwashi sauran ta yi gaba.

"Wayyo daɗi!" in ji Kaza. "Biyu rana ɗaya! Ku shigo, ku shigo ƙarƙashin fiffikena!"

Ranar ba ta ci ba ta sha ba don murna. Ta raɗa wa ɗan zabo suna Kwarmato, saboda ko ganye ya motsa sai ya yi ihu. Ɗan agwagwa kuwa ta sa masa Tsamo-tsamo, don kullum a jiƙe yake dawowa. Tana tono musu gara, tana ɗumama su, suna girma kamar ana hura su.

Talotalo ya ga abin ya ishe shi. Wata rana ya tare ta a tsakar gida.

"Ke Goggo, wannan wane irin haɗin gambiza ne? Wannan ya hana ni sakat da ihu, wancan ya fallatsa mini taɓo a wutsiya!"

"Ranka ya daɗe, yara ne. Kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi."

"To nan ba gidansu ba ne! In na sake jin bakin wancan, ko na ga wannan ya taɓa ruwa, waje zan kora su. Shirwa ma tana neman abin kai wa nata 'ya'yan."

Kaza ta san in aka kore su bayan danga, ba za su kai la'asar ba. Ta ja su gefe tana lallashi.

"Kwarmato, don Allah ka haɗiye ihun nan."

"Inna, in na haɗiye shi ƙaiƙayi yake mini a wuya!"

"Kai kuma Tsamo-tsamo, ka koyi tono."

"Da waɗannan faffaɗan ƙafafun, Inna? Jiya na gwada, da baki na faɗi!"

Duk da haka suka yi mata alkawari, don suna sonta. Kwana uku gidan ya yi tsit. Kwarmato yana ta kumbura kamar zai fashe, Tsamo-tsamo yana kallon kududdufi yana haɗiyar yawu.

A rana ta huɗu da hantsi, Talotalo ya fita bakin kududdufi inda danga ta ɓule. Ya baza wutsiya, ya lumshe ido, yana juyi. Kwarmato yana kan turmi, sai ya hango kunnuwa biyu suna tahowa cikin ciyawa. Dila ne! Ya diro da gudu, ya raɗa wa Kaza a kunne.

"Inna, in yi magana?"

"Me ya faru?"

"Ai an hana ni. Amma akwai wani a bayan Yallaɓai, kuma ba gaisuwa ta kawo shi ba."

Kafin Kaza ta waiga, caraf! Dila ya cafke wutsiyar nan da ake taƙama da ita.

"Kwarara, ɗana!" in ji Kaza. "Kwarara iya ƙarfinka!"

Kai, jama'a! Ihun kwana uku ya fito lokaci guda. "Kyat-kyat-kyat-kyat!" Kare ya zabura daga barci, awaki suka tsinke igiya, uwargida ta fito da muciya a hannu. Dila ya ga ba wurin zama, ya arce da bakinsa cike da gashin wutsiya.

Talotalo kuwa da ya fizge, bai tsaya ko'ina ba sai cikin kududdufi, tsundum!

"Ku cece ni! Zan nutse!"

Tsamo-tsamo ya dubi Kaza. "Inna, ni ma an hana ni."

"Faɗa, ɗana, faɗa!"

Ya faɗa da murnarsa, ya yi nutso sau biyu tukuna don marmari, sannan ya taso kusa da Talotalo.

"Yallaɓai, daina bugun ruwa. Biyo ni ta nan, akwai tudu a ƙasa."

Haka Talotalo ya biyo ɗan agwagwa tiɓis-tiɓis har gaɓa, taɓo har wuya, bayansa fayau babu gashi ko ɗaya. Ya yi yunƙurin bazawa, bai sami abin bazawa ba. Kare ya yi dariya har da birgima.

Kwarmato ya matso a hankali. "Yallaɓai, na karya doka. Yanzu za ka kore mu?"

Talotalo ya sunkuyar da kai. Can ya ce, "Gobe in zan fita, ka hau turmi. Ko ganye ka ga ya motsa, ka yi ihunka." Ya juya ga Kaza. "Goggo, ki yafe mini. Kin iya reno."

Kaza ta buɗe fikafikanta, yaran suka shige, ɗaya a jiƙe ɗaya yana ihu, ita kuwa daɗi kamar ya kashe ta.

Darasin wannan labari shi ne, wanda ya riƙi 'ya'yan da ba iri ɗaya ba, ya bar kowa da baiwar da Allah ya yi masa, kada ya ce sai sun zama kamarsa. Halin da ya dame ka yau, wataƙila shi zai cece ka gobe. Girman kai kuwa rawanin tsiya ne, ku tambayi Talotalo inda wutsiyarsa take.