Ranar da Arlene Ta Karɓi Sitiyari

Akwai wani dattijo a jihar Minnesota mai suna Wendell Haugen, wanda in dai zancen jan tirela ne ba ya ganin kowa da gashi. Tirelar tasu ta yawon shaƙatawa ce, mai gado da murhu a ciki, ana maƙala ta a bayan a-kori-kura. Duk lokacin zafi shi da matarsa Arlene sukan ja ta zuwa gandun dajin gwamnatin jiha da ke bakin tafki, su kama fili su kwana biyu.

Tun suna da ƙuruciya, in sun isa, Arlene ce ke sauka ta tsaya a baya tana nuni da hannu, shi kuma ya yi ribas ya shigar da tirelar filinsu. Ko ita ta yi kuskure ko shi, ita ke shan faɗa. A bainar jama'a kuma, don a sansanin masu yawon shaƙatawar nan da an ji sabon zuwa, kowa sai ya juyo da kujerarsa ya zuba ido.

Bana ido ya ba Wendell matsala, likita ya hana shi tuƙi. 'Ya'yansu suka ce a sayar da tirelar kawai a huta. Dattijo ya shiga damuwa har abinci ya daina yi masa daɗi. Arlene ta ce ita za ta ja, amma da sharaɗi.

"Ka ɗaga min murya sau ɗaya, tsoho, in juya kan mota mu koma gida, ka nemi mai saye da kanka."

A kan titi ba a samu matsala ba. Da suka iso, filin da aka ba su matsattse ne, bishiya a dama, famfo a hagu. Wendell ya sauka ya tsaya inda matarsa ta saba tsayawa.

Ita tirela a ribas ba ta bin hannu, in ka murza sitiyari nan sai ta nufi can. Arlene ta gwada, tirela ta lanƙwashe. Ta ja gaba ta sake, tirela ta nufi famfo. Can sai Arlene ta taka birki ta ƙi motsi, Wendell yana ta kaɗa hannu a banza. Da ya zo bakin taga ta ce ba ta ganinsa a madubi. Laifin da ya fi yi mata masifa a kai ke nan, ga shi ya aikata tun ba a je ko'ina ba.

Motoci suka fara taruwa a bayansu, don sun tare hanya. Wani maƙwabcinsu a sansanin, ƙaton saurayi mai suna Curtis, ya taso daga kujerarsa.

"Baba, a ba ni makulli in cusa muku ita, kafin naman da na ɗora ya ƙone."

Gaskiya ran Wendell ya biya. Amma ya dubi Arlene, ta ƙanƙame sitiyari tana gumi, ya san in ta sauka yanzu ba za ta ƙara hawa ba.

"Na gode, ɗana, muna da direba. Kai dai je ka ba na baya haƙuri."

Arlene ta sake yin baya. Wannan karon gindin tirelar ya daki teburin katako da ke filin, fitilar baya ta fashe. Wendell ya buɗe baki, faɗan ya zo masa har maƙogwaro, ga matarsa tana kallonsa ta madubi. Ya haɗiye. Ya ja teburin gefe, ya ce shi ne bai lura da shi ba, ta sake gwadawa a hankali.

Daga ƙarshe tirela ta shiga, a karkace. Da shi ne da sai ya fito da ita ya gyara. Amma ya bar ta haka, ya sa wa tayoyi waigi don kada ta gangara, ya zo ya buɗe wa Arlene ƙofa. Sai ya tarar tana hawaye.

"Shekara da shekaru, Wendell, tun daga ƙofar gandun nan gabana ke faɗuwa. Ban taɓa jin daɗin ranar isowa ba sai yau."

Kunya ta rufe shi, domin shi a zatonsa tare suke jin daɗin. Ya roƙe ta gafara a nan bakin mota, bai damu da masu kujeru ba. Arlene ta share ido ta sauko.

"Wata mai zuwa ka nema mana fili mai ɗan faɗi," in ji ta.

Darasi: Wanda ke taya ka aiki ba abin huce haushinka ba ne, kuma shirunsa ba ya nufin abin ba ya yi masa ciwo. Ka tausasa harshe ga na kusa da kai tun kafin rana ta mayar da kai inda yake tsaye. Ku tura wa ma'aurata da duk wanda kuka san bakinsa ya fi haƙurinsa sauri.